APK: Bairos Ne Ko Sharri Ake Masa?

Shin fayil ɗin nan da ake ce wa APK bairos ne? In bairos ne, ya aka yi kullum ake tura shi daga waya zuwa waya a kasuwannin waya na Farm Centre da titin Beirut a Kano, wayoyin kuma suna nan garau? In kuwa ba bairos ba ne, me ya sa da ka taɓa shi waya take watso maka gargaɗi? Me ya sa kuma idan ka bi salsalar labaran nan na "an kwashe min kuɗi alhali ban ba kowa lambar sirrina ba", sau da yawa sai ka tarar mai wayar ya girka wani abu da aka turo masa kwana biyu kafin alat ɗin ya shigo?

Maganar ta ƙara zafi tun watan Agustan 2025, lokacin da Google ya sanar cewa nan gaba wayoyin Android masu ɗauke da hidimominsa ba za su karɓi manhaja ba sai wadda mai ita ya yi rajista ya bayyana ko shi wane ne, ko da kuwa ba daga Play Store aka sauko da ita ba. Kafin labarin ya iso zaurukanmu na WhatsApp ya canza riga. Wani ya ce an haramta APK, wani ya ce masu turi, wato masu sana'ar tura wa mutane fina-finai da manhajoji a waya, su nemi wata sana'a. Duk ba haka ba ne, amma ba za a gane abin da Google yake nufi ba sai an fara gane shi APK ɗin.

Ƙunshi ne kawai

APK gajarta ce ta sunan Ingilishi mai ma'anar ƙunshin Android. Idan mai rubuta manhaja ya gama aikinsa, sai ya tattara umarnin da ya rubuta, da hotuna da sautukan da za su fito, da wata takardar bayani mai ɗauke da sunan manhajar da jerin izinin da za ta nema, ya matse su wuri guda. Wannan matsattsen abu shi ne APK. Asalinsa ma fayil ɗin ZIP ne. In ka kwafe shi zuwa kwamfuta ka sauya wutsiyar sunansa daga .apk zuwa .zip, zai buɗe ka ga kayan cikinsa a jere kamar an buɗe akwatin lefe.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, WhatsApp ɗin da ka sauke daga Play Store, da manhajar bankinka, da ta Alƙur'anin da kake tilawa da ita bayan asuba, duk a matsayin APK suka shiga wayarka. Play Store ne dai yake saukewa ya girka a bayan labule, kai ba ka ga fayil ɗin ba. Haka abin yake tun fitowar wayar Android ta farko a 2008. Don haka mai riƙe da Tecno ko Infinix da ya ce ya tsani APK, tamkar mutumin da ya ce ba ya cin abin da aka ƙulla a leda ne, a garin da har koko a leda ake ƙulla shi.

Masu iPhone nasu ƙunshin daban ne, IPA ake ce masa, kuma Apple ya daɗe da kulle ƙofar shigo da shi daga waje. Sai a watan Maris na 2024 dokar Tarayyar Turai ta tilasta masa barin wasu shagunan manhaja su yi aiki, shi ma a ƙasashen Tarayyar. Android kuwa tun farko ƙofarsa a buɗe take, kuma wannan buɗewar ita ce amfaninsa, ita ce kuma rauninsa.

Hatimin da ke bakin ƙunshin

A nan ne nake so mai karatu ya ɗan tsaya, domin wanda ya gane wannan sashe ya gane rabin maganar.

Android ba ya girka APK sai yana ɗauke da sa-hannun wanda ya haɗa shi. Ba sa-hannun biro ba, wani lissafi ne da ake yi da mabuɗin sirri wanda mai manhajar ko wakilinsa kaɗai ke riƙe da shi. Ka ɗauke shi a matsayin hatimin da ake bugawa a bakin ambulan. Idan wani ya buɗe ƙunshin ya canza ko da harafi ɗaya ne, hatimin ya karye, waya ba za ta karɓa ba. Dole mai canjin ya sake rufe ƙunshin ya buga nasa hatimin.

Ga inda gizo ke saƙar: kowa na iya sassaƙa wa kansa hatimi, kyauta, cikin minti ɗaya. Waya ba ta tambayar ko hatimin na mutumin kirki ne. Abin da take dubawa shi ne akwai hatimi, kuma bai karye ba. Sai dai tana da tuni. Idan ta karɓi WhatsApp mai hatimin kamfaninsa, duk sabon zubin da zai hau kansa sai ya zo da hatimin gidansu. In ya zo da na wani, sai ta ƙi.

Wannan ne ya sa za ka ji yaron shago yana cewa, "Alhaji, sai an goge na wayarka kafin wannan ya hau." Mafi yawan lokaci ma'anar maganar ita ce wanda ake shirin sa maka ba daga hannun mai na farkon ya fito ba. Waya ta gane, ta ƙi, shi ne ake so a share shaidar da take kwatantawa da ita. Wasu kuma suna kauce wa wannan ta hanyar canza sunan cikin manhajar. Sunan WhatsApp na gaskiya a wurin waya com.whatsapp ne, na GB WhatsApp kuwa, wato wanda wasu suka yi wa kwaskwarima, com.gbwhatsapp. Shi ya sa suke zama tare a waya ɗaya ba rigima: a wurin Android, baƙin juna ne, tambarin ne kawai ya yi kama.

Daga nan za a ga cewa fayilolin APK da ke yawo a gari iri biyu ne. Akwai kwafin asali, wanda aka ciro daga wayar da ta sauke shi daga Play Store, hatiminsa na nan daram. Ko ya bi ta wayoyi goma, shi ne dai. Akwai kuma wanda aka farke aka yi wa tiyata aka sake ɗinkewa. Da ido ba za ka bambance su ba.

Me ya sa muke bin ƙofar baya?

Ba don rashin wayewa ba ne, kamar yadda wasu 'yan boko ke faɗa. Dalili na farko kuɗin data ne. A watan Janairun 2025 hukumar kula da sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince kamfanonin sadarwa su ƙara farashi da kashi 50 cikin ɗari. Mai ɗinki a Fagge da ke sayen datar ɗari biyu ba zai ƙona ta kan sauke wasan ƙwallon da ya fi gigabayit ɗaya ba, alhali maƙwabcinsa zai tura masa ta Xender kafin shayi ya huce. Su kuwa masu turi, da suka fara da fina-finai da waƙoƙi da karatuttukan malamai, tuni suka haɗa da manhajoji. Ka sayi sabuwar waya, ka miƙa, a cika maka ita. Google da kansa ya san da wannan hali na ƙasashe irin namu, shi ya sa a 2018 ya haɗa kai da SHAREit da Xender da manhajarsa ta Files domin waya ta iya gane kwafin da asalinsa daga Play Store yake, ko babu intanet.

Akwai kuma waɗanda ba su da zaɓi. Wayoyin Huawei da suka fito bayan takunkumin Amurka na 2019 ba su da Play Store sam. Mai tsohuwar waya kuma idan sabon zubin manhaja ya fi ƙarfinta, sai ya nemi tsohon zubi, wanda Play Store ba ya ba ka damar zaɓa. Wata manhajar ma sai a ce ba a samar da ita a ƙasarka ba. Kamfanoni na ƙwarai irin WhatsApp da Telegram da Signal duk suna ajiye APK a shafukansu na intanet saboda irin waɗannan mutane. Kamfanin Epic ma a 2018 da gangan ya ƙi sa wasansa na Fortnite a Play Store don kada Google ya yanki kashi 30 na cinikinsa.

Sai dalili na ƙarshe, wanda shi ne ya fi jawo kuka: son banza. A ga saƙon da aka goge, a kalli sitatus ba tare da mai shi ya sani ba, a samu manhajar gyaran bidiyo ta kuɗi a kyauta, a samu wasa mai kuɗin ciki marar ƙarewa. Duk waɗannan daga rukunin waɗanda aka yi wa tiyata suke.

Ta inda ɓarawo ke shigowa

Mu fara da GB WhatsApp da 'yan uwansa, tunda a Kano har abin ado suka zama. Wanda ya zauna ya ɓata watanni yana gyara WhatsApp yana raba maka kyauta, da me yake cin abinci? Banza dai ba ta kai zomo kasuwa. A watan Agustan 2021 kamfanin tsaro na Kaspersky ya gano wata muguwar manhaja mai suna Triada a cikin wani zubin FMWhatsApp, a watan Oktoban 2022 kuma ya sake gano ta a YoWhatsApp. Aikinta ta sauko da wasu miyagun a ɓoye, ta yi wa mai waya rajistar hidimomin da ke cin kuɗinsa, ko a ƙwace asusunsa a riƙa aika saƙon damfara da shi. A wannan watan na Oktoba ne kuma Meta, kamfanin da ya mallaki WhatsApp, ya maka wasu kamfanoni a kotu a Amurka bisa zargin sace asusun WhatsApp sama da miliyan ɗaya ta irin waɗannan manhajoji. Ko da an yi sa'a naka ba shi da komai a ciki, WhatsApp na dakatar da lambobin da ke amfani da su. Mai sayar da atamfa a Kwari da duk kwastomominta na Nijar da Kamaru ke kan lamba ɗaya, ita ta san abin da rufe lambar ke nufi.

Hanya ta biyu ta fi wayo, domin ba ta neman mai kwaɗayi, mai zumunci take nema. Kwanakin baya na leƙa gaida gwaggota a Gwammaja, sai ta miƙo min waya ta ce, "Ɗan nan, duba min katin bikin nan, tun jiya ya ƙi buɗewa." Daga lambar wata 'yar uwarmu ya zo, wadda ta sani sarai. Na duba sunan fayil ɗin, sai na ga wutsiyarsa .apk ce. Na ce, "Gwaggo, Allah ne ya kiyaye, wannan ba kati ba ne." Da muka kira 'yar uwar, ashe ita ma ba ta san an tura ba, kuma ba wani biki da take shiryawa. Wannan dabara ba a kanmu aka fara ba. A ƙarshen 2024 'yan sandan Indiya sun yi ta gargaɗi a kanta, masu bincike kuma sun gano irinta a Malesiya da Burunai. Amma garin da kowace Juma'a da Asabar ake ɗaura aure a kowace unguwa, ai ka san kasuwarta za ta buɗe.

Katin biki hoto ne, ko bidiyo, ko PDF. Haka rasit, haka takardar ɗaukar aiki, haka fom ɗin tallafi. Babu ɗayansu da ake girkawa. Duk "takardar" da ta ce sai an girka ta, kura ce da fatar akuya.

To me suke yi bayan sun shiga? Android yana killace kowace manhaja a ɗakinta, ba ta leƙa na wata sai da izini, kuma tun zubi na 6 a 2015 sai ta tambaye ka kafin ta taɓa abubuwa masu muhimmanci. Saboda haka ɓarawon ba ya fasa katanga, makulli yake roƙa, kai kuma ka miƙa masa. Makullan da ya fi so uku ne. Izinin karanta saƙonnin tes, inda banki ke turo lambar OTP. Izinin karanta sanarwar da ke sauka a saman waya, wanda shi ma yana nuna lambar. Sai babbansu, wanda a saiti ake rubuta shi "Accessibility". An yi shi ne don makafi da masu lalurar hannu, domin manhaja ta karanta musu abin da ke fuskar waya ta kuma danna musu. Manhajar da ta samu wannan izini tana ganin abin da kake gani, tana iya danna abin da za ka danna. Tana iya shimfiɗa shafin bogi a kan manhajar bankinka ka rubuta lambar sirrinka a ciki, ta ba wa kanta sauran izinin, ta ma hana ka goge ta. Irin wannan ne aikin FluBot, wadda NCC ta gargaɗi 'yan Najeriya a kanta a watan Oktoban 2021, kafin 'yan sandan ƙasashen Turai su tarwatsa hanyoyinta a 2022. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 kuwa, har mai kayan miya a 'Yankaba tiransifa yake karɓa. Waya ta zama asusu, shi ya sa aka fi farautar ta.

Na uku su ne masu bashin waya, waɗanda ba a ɓoye suke sata ba, kunya suke amfani da ita. Ka karɓi dubu goma, su kwashe lambobin da ke wayarka, ka makara kwana biyu su aika wa surukinka da limamin unguwarku cewa kai ɗan damfara ne. Hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta FCCPC ta fara dirar musu a 2022 ta kuma fito da tsarin rajista, Google kuma daga ƙarshen watan Mayun 2023 ya hana manhajojin bashi da ke Play Store taɓa lambobin waya da hotunan mutane. Me waɗanda aka kora suka yi? Suka koma raba APK ta saƙo da talla, abin da hukumar da kanta ta yi gargaɗi a kai. Manhajar bashin da aka turo maka ta WhatsApp, ka tambayi kanka me ya hana ta zama inda ake ganin ta.

Play Store ɗin ma ba tsarkakakke ba ne

Kada a ɗauka ina yi wa Google talla. An sha kama miyagun manhajoji irin Joker da Anatsa a cikin Play Store, wasu sun shiga da sunan manhajar karanta PDF, mutane da dama sun sauke kafin a cire su. A watan Afrilun 2021 kuma manhajar APKPure, wadda mutane ke ɗauka amintacciya ce a wajen Play Store, an same ta da Triada a cikin wani zubinta. Bambancin na yawa ne. Google ya ce miyagun da ke shigowa ta saukewa kai tsaye daga intanet sun ninka na Play Store fiye da sau 50. Alƙaluminsa ne, kuma yana da riba a maganar, amma ko an rage masa rabi, tazarar na da yawa.

In dole sai ka girka

Tambaya ta farko ba "yana da bairos?" ba ce, "daga hannun wa ya fito?" ce. Mafi aminci shi ne shafin mai manhajar da kansa, kuma ka rubuta adireshin da hannunka a burauza, kada ka bi wanda aka turo maka ko tallan da ya fito a saman bincike. Bayansa sai shagunan da suka zo da waya, irin Galaxy Store na Samsung da AppGallery na Huawei da Palm Store na su Tecno da itel. Akwai F-Droid, wanda tun 2010 yake tara manhajojin da aka bayyana rubutunsu kowa ya gani. Akwai APKMirror, wanda ke kwatanta hatimin fayil da na asalin mai shi kafin ya wallafa, kuma ba ya ajiye waɗanda aka yi wa tiyata. Manhajar banki kuwa, ko OPay da Moniepoint da PalmPay, ni dai ban yarda a karɓe ta ta turi ba, ko daga wayar ɗan uwa ne. Ka ƙona datar, ta fi abin da ke cikin asusun araha.

Idan fayil ya sauka, kafin ka taɓa shi kana iya ɗora shi a shafin VirusTotal, wanda Google ya saya a 2012. Yana bi da fayil ta injinan bincike wajen saba'in, kyauta. In ɗaya ko biyu suka yi ƙorafi, yana iya zama kuskurensu. In goma suka ɗaga murya, goge shi. In kuma duka suka yi shiru, ba shaidar tsarki ba ce, sabon ɓarawo ba a san fuskarsa ba.

Sai maganar ƙofa. A da, maɓalli ɗaya ne a saiti, in ka kunna shi kowace manhaja na iya girka maka abu. Tun Android 8 a 2017 aka raba shi: kowace manhaja da nata izinin, a ƙarƙashin "Install unknown apps". Ka ba wa guda ɗaya kawai, misali manhajar fayiloli, ka girka abin da za ka girka, ka koma ka kashe. Yau ma ka shiga ka duba. Idan wayarka ta taɓa kwana a shagon turi ko wurin mai gyara, kada ka yi mamaki in ka tarar Chrome da Xender da WhatsApp duk a buɗe suke.

Kada ka kashe Play Protect, mai gadin da Google ya sa a wayoyi tun 2017, wanda ke duba har abin da ba daga Play Store ya zo ba. Najeriya na cikin ƙasashen da aka faɗaɗa wa wani ƙarin tsaronsa da aka fara gwadawa a Singafo a 2024: idan APK ya zo ta burauza ko manhajar saƙo ko ta fayiloli, yana kuma neman waɗancan makullai na tes da sanarwa da "Accessibility", sai a toshe shi. Haka tun Android 13 waya kan kulle wasu daga cikin waɗannan izini ga manhajar da aka shigo da ita ta ƙofar baya, ta rubuta "Restricted setting". Sababbin wayoyin Samsung ma suna da nasu mai suna Auto Blocker. 'Yan damfara sun san da duk wannan, shi ya sa yanzu suke haɗawa da darasi: mutum ya kira ka da ladabi, "Ranka ya daɗe, daga banki ne, shiga saiti ka kashe kaza." Duk wanda ke koya maka yadda za ka sallami mai gadi, ka san abin da ya kawo shi.

Bayan girkawa, ka auna izinin da aikin. Tocila ba ta da haɗi da lambobin wayarka. Manhajar lokutan salla tana iya neman sanin inda kake, amma me za ta yi da saƙonninka? In kuma ka girka abu ka neme shi ka rasa tambarinsa, ya ɓuya ne.

"App not installed"

Ba kullum wannan saƙo ke nufin sharri ba. Tun watan Agustan 2021 Google ya wajabta wa sababbin manhajoji zuwa Play Store a wani tsari mai suna AAB, inda ake yanka manhaja gida-gida, kowace waya a ba ta yankan da ya dace da injinta da girman fuskarta da harshenta. Idan aka turo maka yanki ɗaya daga wayar wani, sai ya ƙi hawa, ko ya hau yana mutuwa. Shi ya sa ake ganin fayiloli masu wutsiyar .xapk da .apkm da .apks, waɗanda tarin yankuna ne masu bukatar manhajar girkawa ta musamman. Wani lokaci kuma injin ne: ƙunshin da aka rubuta wa sabon nau'in inji mai suna arm64-v8a ba ya hawa ƙananan wayoyin da ke aiki da tsohon nau'i mai suna armeabi-v7a. Android 14 kuma yana ƙin manhajojin da aka gina don zubin da ya girmi na 6, saboda miyagu na fakewa da tsufa don kauce wa tambayar izini. In ba ɗaya daga waɗannan ba ne, kuma akwai wuri a memori, to a koma maganar hatimi.

In an riga an faɗa

Kashe data da Wi-Fi nan take. Ɗauki wata wayar ka kira bankinka a toshe asusun, bankuna da dama ma suna da lambar USSD ta yin hakan daga kowace waya. Sannan ka shiga jerin manhajoji a saiti ka nemo baƙuwar. In ta ƙi goguwa, duba ko ta naɗa kanta mai kula da waya a ƙarƙashin "Device admin apps" ka tsige ta, ko ka tayar da wayar a "Safe mode", inda manhajojin da aka girka ba sa motsi. In zuciyarka ba ta kwanta ba, kwashe hotuna da lambobi ka mayar da wayar yadda ta fito daga kamfani. Lambobin sirri kuma a wata waya za ka canza su, ba a wadda ake zargi ba. Ka sa wa WhatsApp lambar tabbatarwa ta biyu mai lamba shida, ka kuma sanar da dangi, don mai yiwuwa an riga an aika musu kati da sunanka.

Sabuwar ƙa'idar Google, da waɗanda ba su yarda ba

Yanzu mu koma inda muka fara. Jadawalin da Google ya fitar ya ce za a fara aiki da ƙa'idar a watan Satumban 2026 a Brazil da Indonesiya da Singafo da Tailan, sauran duniya kuma daga 2027. Abin da ake bukata shi ne mai manhaja ya ba da sunansa na gaskiya da adireshi, wani lokaci har da katin shaida, ya kuma yi rajistar sunan manhajarsa da hatiminta. Google ya kwatanta abin da duba shaida a filin jirgi: a san ko kai wane ne, ba binciken jaka ba. Hujjarsa ita ce a yau in an kama mugu sai ya sassaƙa sabon hatimi ya dawo da yamma, amma in sai da suna, dawowar za ta yi masa tsada.

Masu adawa kuma ba shashashai ba ne. F-Droid ya fito ƙarara a watan Satumban 2025 ya ce tsarin zai iya kashe shi. Tambayarsu ita ce, wayar da ka saya da kuɗinka, me ya sa kamfani ɗaya a Kalifoniya zai zama mai cewa wa zai rubuta mata manhaja? Mai rubuta manhajar da wata gwamnati ba ta so fa, dole ya miƙa sunansa? Mu da muka ga watanni bakwai na toshe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, muka koma VPN, mun san ƙofar baya takan yi rana. Suna kuma tuna wa mutane cewa a watan Disamban 2023 masu taimaka wa alƙali a shari'ar Epic sun samu Google da laifin danniya a kasuwar manhajoji.

Bakano ya san irin wannan muhawara. Lokacin da aka rufe shagunan magani na Sabon Gari a 2024 aka ce kowa ya koma Ɗangwauro, hukuma ta ce don a kawar da jabu ne, 'yan kasuwa suka ce don a mallake kasuwar ne. Kowane ɓangare na da gaskiyarsa. Ra'ayina dai, idan na tuna gwaggota da katin bikinta, ina tare da a sa shinge. Idan kuma na tuna ɗalibin BUK ko na Wudil da ya rubuta 'yar manhajar lissafin adashe yana so ya tura wa abokansa, ina so a bar masa hanya. Surutun ya yi tasiri: Google ya ce ɗalibai da masu yi don sha'awa za su samu rajista mai sauƙi da za ta ba su damar raba wa 'yan wayoyi kaɗan, a watan Nuwamban 2025 kuma ya ce zai tanadi wata hanya ta daban ga ƙwararrun da suka yarda su ɗauki kasadar girka abin da ba a tantance mai shi ba, wadda za a tsara ta yadda ɗan damfara ba zai iya jan mutum ta cikinta da kiran waya ba.

Ga mai turi a Farm Centre, idan ƙa'idar ta iso nan, kayan da ke kwamfutarsa za su rabu biyu da kansu. Kwafin asali na Facebook da TikTok da manhajojin karatu za su ci gaba da hawa, tunda masu su sanannu ne kuma hatiminsu na rajista. Su GB da wasannin da aka farke kuwa, sai wanda ya yi musu tiyata ya yarda ya kai sunansa da adireshinsa, ko kuma kwastoma ya bi doguwar hanyar ƙwararru yana karanta gargaɗi ɗaya bayan ɗaya, layi kuma yana jira a bakin shago.